Keken Ƙafa a Zauren Teloli

A zauren teloli na waya ya fara ganinta, ko a ce ya fara ganin aikinta. Sabuwar shiga ce. Ta yi sallama, ta saka hoton rigar da ta ɗinka, ba ta lura keken ɗinkinta na ƙafa ya fito a gefe ba.

Ba wanda ya kalli rigar.

"Kai! Ashe irin wannan keken yana raye?"

"A gaishe mana da kaka."

Shugabar zauren, wadda yayarsa ce ciki ɗaya, ita ta rufe zancen: "'Yar'uwa, nan na masu injin lantarki ne. Ki nemi ajin 'yan koyo."

"Ku yi haƙuri, ban sani ba," ta rubuta, ta fita.

Shi gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya bi layin wuyan rigar, ko zare ɗaya bai yi tsalle ba. Amma bai ce uffan ba. Yaya ce ta raine shi, bai taɓa musa mata a gaban mutane ba.

Washegari ya tura wa baƙuwar saƙo ita kaɗai: "Ɗinkinki ya fi na duk masu dariyar nan."

"Na gode. Me ya hana ka faɗa a can?"

Kwana biyu yana juya tambayar. A na uku ya nemi kwatancen shagonta, ya je da man keke. Tana taka feda, yana zaune a benci, har ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam Shiru, man nan na kallo ne?"

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya laƙaba mata 'Yar Feda. Wata huɗu kekenta bai lalace ba, shi ma bai fasa zuwa duba shi ba.

Da ya kai wa Yaya maganar aure, sai ta ajiye almakashi.

"Wadda na sallama a gaban jama'a za ka kawo min gida? Ba da ni ba."

Ya sunkuyar da kai. Da labarin ya isa ga 'Yar Feda, ta rubuto: "Ina sonka, ba zan ɓoye ba. Amma in a gidanku ma shiru za ka yi idan an taɓa ni, gara mu tsaya nan."

Sai ya buɗe zauren, ya rubuta: "Ni ke gyara injinan yawancinku, na san ɗinkin kowa. Mun kori baƙuwa saboda kekenta, ina gani na yi shiru. Ban kyauta ba. Yaya, ke ma ba ki kyauta ba. Ita zan aura, in kin yarda."

Mako guda Yaya ba ta amsa gaisuwarsa ba. Sannan ta ce ya raka ta shagon 'Yar Feda. Ta ɗauki riga ɗaya, ta juya cikinta waje yadda teloli ke yi, ta daɗe tana bin ɗinkin da farce.

"Wa ya koya miki?"

"Mahaifina. Kekensa ne."

"Ni ma a irinsa na koya," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Mantawa na yi."

Ranar ɗaurin aure ita ta kama hannun amarya ta shigar da ita ɗaki.

"Ƙanwata, ga shi nan. Maganarsa tsada gare ta, amma ba ya janye ta. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Yaya," suka haɗa baki.