Tocila Mai Kunne

"Tebur ɗaya a bakin shagona, ƙarƙashin rumfa, wuta kyauta," in ji Yaya. "Kai kuma ka sa mini ido a cikin wayar nan."

Injiniya ya dubi wayar da aka ajiye masa. Ya san ta kamar yunwar cikinsa. Shi ya canja mata gilashi wata shida da suka wuce, ranar da mai ita, Auta, ƙanwar Yaya, ta tsaya a gaban lemarsa tana ciniki har ya manta farashin da ya faɗa.

"Ido kamar yaya, Yaya?"

"Kada ka raina mini hankali. Yarinyar nan tana da wani! Sau ɗaya ta ari wayar Umma ta shiga intanet, tun ranar tallar zobe da gadon amarya ke bin tsohuwa har kan sallaya. Na tambaye ta, ta ce babu. Tun rasuwar Baba ni ne ubanta. So nake in san wane ɗan iska ne."

Ɗan iskan na zaune a gabansa, riƙe da sukuddireba.

Shekara huɗu Injiniya yana gyaran waya a bakin titi, rana ta dake shi, ruwa ya kore shi. Ya san Yaya ba zai ba mai lema ƙanwarsa ba, amma mai tebur a rumfa, wannan a iya saurarensa. Kuma in ya ƙi, akwai masu gyara goma a layin da za su karɓa. Da wannan ya lallashi zuciyarsa. Mutum in yana son abu, hujja ba ta yi masa wuya.

Suka tafa.

Abin dariyar, shi da kansa ya rufe wa Auta ƙofofin wayarta. Lokacin da tallar nan ta kusa tona su, ta zo masa ido jajir.

"Wayar nan ta fi maƙwabciya gulma, wallahi!"

Ya zaunar da ita a bencinsa, ya goge manhajojin da ke kwasar labarin mutum suna sayar wa 'yan talla, ya sa mata waɗanda masu su suka bar cikinsu a buɗe, duk wanda ya iya ya leƙa ya tabbatar ba a ɓoye komai ba. Ya nuna mata inda ake duba abin da kowace manhaja ke neman izini a kai.

"Autata, riƙe wannan ko bayan raina. In kin ga tocila tana neman makirufo, ba haske ta zo yi ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "To, malam, na haddace."

Yanzu ga shi ya dasa mata ɗan leƙen asiri a wayar, ya lulluɓe shi da hoton tocila. Dabararsa ita ce komai ya fara biyowa ta wayarsa, ya tace, ya miƙa wa Yaya dusar: gaisuwar ƙawaye, maganar makarantar yaran da take koyarwa. Ba wanda zai cutu, in ji shi.

To amma mai tacewa dole ya karanta.

Ranar farko ya karanta don aiki. Ta uku ya karanta don daɗi, ya ga inda ta ce wa ƙawarta, "Ina son sa kamar raina, tsoron Yaya kawai nake ji." Kafin sati ya cika, in ta yi awa biyu ba ta taɓa waya ba sai ya ji ransa ya ɓaci.

Ranar Laraba ta rubuta wa ƙawar cewa haƙori ya hana ta cin abinci. Da ta biyo ta gaban sabon teburinsa da yamma, ya faki idon Yaya ya tura mata ƙullin magani.

"Na haƙori ne, hasken idona. Sau biyu a rana."

Ta karɓa da murmushi. Ta yi taku uku, ta tsaya. Ba ta waiwayo ba, ta wuce.

Washegari da azahar ta dawo, ta ajiye wayar a kan teburin, a buɗe.

"Malam, ɗalibarka ta zo biya karatu."

"Auta..."

"Tocila ce. Tana neman makirufo, da hotuna, da saƙonni, da inda nake. Haske ta zo yi?"

Ya miƙe zumbur. "Ki tsaya in yi miki bayani. Don mu na yi! In ban karɓa ba wani zai karɓa..."

"Da ka gaya mini."

"Na so in gaya miki..."

"Yaushe? Bayan ka gama karantawa?" Muryarta ba ta tashi ba, hawaye ne kawai ke zuba. "'Yan talla ba su san ni ba, ba su taɓa ce mini hasken idona ba. Yaya kuma tsoro ne ya sa shi. Kai fa? Maganar da nake tanadi in faɗa maka da bakina ran da ka zo gidanmu, ka je ka sace ta ta taga!"

Yaya ya fito daga cikin shago da ƙwan lantarki a hannu. "Lafiya? Me ke faruwa?"

Ta share fuska da bakin mayafi. "Yaya, wanda kake nema, ga shi. Ni na ɓoye maka, ka yafe mini. Amma ka kwantar da hankalinka, an gama."

Ta goge tocilar da hannunta, yadda aka koya mata, ta sa wayar a jaka, ta tare mota.

Yaya ya daɗe yana kallon Injiniya. Masu shagunan kusa sun zaci za a yi dambe, har sun fara matsowa.

"In kwashe kayana?" in ji Injiniya.

"A kan me? Na ce ka nuna mini mutumin, ka nuna. Zauna abinka."

Haka aka tashi. Yaya ya sami sunan da yake nema, sai dai tun ranar Auta ba ta wuce "ina kwana" da shi. Umma ta huta da tallar gado. Auta ta rasa masoyi, ta tsira da karatun, har malaman makarantarsu take duba wa wayoyi. Injiniya ya sami tebur da rumfa da wuta kyauta, kuma kullum ƙarfe biyu Auta tana wucewa ta gabansa, ta ɗaya gefen titin.