Alkukin da Aka Toshe

Ranar da magina suka gama shafa wa soron siminti, Sama'ilu ya zauna a tsakar gida bayan sallar magariba yana kallon aikin. Soron kakansa ne, ginin tubali a tsakiyar gonakinsu, gabas da Minjibir. Kaurin bangonsa ya haura kamu guda, rufinsa azara ce a jere, ga zankwaye huɗu a kusurwoyi. Ko a tsakiyar bazara, in ka shiga sai ka ji sanyi kamar cikin randa. Yaɓen kowace shekara ne ya gajiyar da shi, ya kirawo magina daga gari. Har alkukin bangon gabas, inda ake ajiye fitila a da, sun cike shi sun shafe.

Matarsa Safiyatu tana kwashe tuwo sai wani abu ya faɗo cikin tukunyar miya. Suka ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga. Na biyu ya fasa tulu. Sama'ilu ya ɗauka ya duba. Gutsuren siminti ne, bai ma bushe ba.

Haka aka yi kwana uku, kullum da almuru. Rana ta huɗu 'yarsu tilo, Aina'u, mai shekara goma sha biyar, ta bar wanke-wanke ta shiga soron. Suka tarar da ita tana ƙwaƙular bangon gabas da farce, jini na bin yatsunta. Daga nan ta daina ci, ta daina magana. In an ɗaure mata hannu da zane sai ta kai wa bangon haƙori. An kai ta asibiti, an yi allura, an dawo da ita yadda take. Sama'ilu yana kallon idon 'yarsa na faɗawa, ya rasa inda zai sa kansa. A rana ta tara ya hau babur ya tafi Makoda, ya ɗauko Malam Kamaruddeen, dattijon da aka sani da ruƙiyya.

Rana na gab da faɗuwa Malam ya zauna a ƙofar soron ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Can Aina'u ta ɗago kai, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Wace ce ke?"

"Na riga su zama a gidan nan. Ina nan aka aza tubalin farko."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba komai. Hannu nake nema. Ɗana na barci a alkukin nan ranar da aka toshe shi, ni na tafi rafi. Maginin da bismilla ya rufe, ba ni da ikon buɗewa. Kwana tara ina jin kukansa. Jiya ya fara dusashewa."

Safiyatu ta toshe baki da mayafi.

Malam ya ce, "Za a buɗe. Amma za ki sake ta, ki bar gidan nan har abada."

"Zan tafi. Sai dai ku sani, ni nake kore gara daga azarar nan shekara tamanin. In na fita, soron ba zai ga kaka ba."

Malam ya waiwayo don ya ji ta bakin mai gida, sai ya ga diga a hannunsa.

"Ya rushe, Malam," in ji Sama'ilu. "In dai za ta bar mini 'yata, ya rushe."

Ya yi bismilla ya sara. A sara na biyar simintin ya ɓurma, wata iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fito. Aina'u ta miƙa hannu biyu kamar mai karɓar jariri, ta rungume a ƙirji. Ta jima a haka. Sannan ta sulale ƙasa, ta ce da muryarta ta ainihi, "Inna, ruwa."

Washegari suka kwashe kayansu daga soron suka koma ɗakin langa-langa. A tsakiyar marka, da rana tsaka, rufin ya zube ba kowa a ciki. Sama'ilu ya ɗaga azara ɗaya, ta marmashe a hannunsa kamar garin dawa. Aina'u na can tana tsince wake, ba ta tuna komai.

Safiyatu ta tsaya kusa da shi tana kallon ɓaraguzan. Can ta ce a hankali, "Baban Aina'u, ko yaron nan ya rayu?"

Ya kaɗe hannunsa a jikin riga, ya ce, "Ni ma kullum abin da nake tambayar kaina ke nan."