Jinin da Ya Ƙi Bushewa

Kalilu ya baro Tozai da la'asar sakaliya, akwatin gilasai ɗaure a bayan kekensa. Malamin duba jini ne, a Zariya ya yi karatu. Baturen likita ya yi masa alkawari cewa in ya kawo jinin mutum ɗari uku daga ƙasar Isa, a gano inda masassara ta fi ɓarna, zai tura shi Ikko ƙarin karatu. Wata biyu yana huda yatsun bayin Allah yana shafawa a gilashi, kowanne da sunan mai shi. Saura mutum ɗaya, ga shi gobe motar Sakkwato za ta tashi, wadda za ta kai shi da gilasan wurin Baturen.

Labbo, mai masaukinsa a Kamarawa, ya sha gaya masa ba a fidda jinin baƙo da almuru. Amma ɗan boko in ya ƙwallafa rai, gara ka yi wa dutse magana.

A bakin fadama ya iske wata tsohuwa zaune kan tushen tsamiya. Ya gaishe ta, ya roƙi ɗigo ɗaya.

"Ba ni hana ka, ɗana," in ji ta a hankali. "Amma za ni biɗa."

Yatsan nata sanyi ƙarara. Jinin ya fito baƙi, da ƙaurin gashin da ya ƙone. Ya tambayi sunanta, ta yi murmushi kawai. Ya jefa gilashin cikin 'yan'uwansa, ya hau keke da murna.

Bayan sallar magariba ya kunna fitila a zauren Labbo, ya kafa madubin duba jini. Duk gilasan sun daɗe da bushewa. Nata kaɗai ne ɗanye. Ya sa shi, ya ɗora idonsa na dama.

Babu ƙwayoyin da ya saba gani. Wasu baƙaƙen abubuwa ne kamar kiyashi, suna yawo. Sai suka tsaya. Suka juyo gaba ɗaya wajen idonsa.

Ya yi zai ɗago kai, ya kasa.

Ya ja da ƙarfi. Idon ya manne da ƙarfen madubin. Kwaɗin fadama suka yi tsit. Yana jin Labbo a cikin gida yana tari, taku goma tsakaninsu, amma harshensa ya ƙi motsi. Tsoro ya cika shi.

Asabarin ƙofa ya motsa. Ƙaurin nan ya shigo.

"Na zo biɗa," aka raɗa a bayan kunnensa.

"Inna," ya samu ya ce da ƙyar, "ga shi nan, ɗauki abinki."

"Wanga kaɗai? Ɗaki guda ka aje mu. Nawa ya shiga nasu, ya san sunan kowa."

Da idon hagu ya hango akwatin. Gilasan duka sun jiƙe, jini na tsiyaya kan sunaye.

"Ko ka wanke su, ko in bi masu jinin gida gida. Kai ka tafi karatunka."

Ya tuna Ikko. Wallahi sai da ya tuna Ikko, har ya ji kunyar kansa.

Ta fara kira a hankali. "Saude ta Tozai. Na'Allah maƙeri."

Ya lalubo tulu da ƙafa, ya janyo. Kansa na sunkuye, ya dinga tsoma gilasai yana murzawa, suna yanka masa yatsu. Yana wankewa yana kuka, tana ci gaba da kira, yana rige-rige da bakinta.

Na ƙarshe ya faɗa ruwa. Ƙarfen ya sake shi, ya kife ƙasa.

A nan Labbo ya same shi, hannuwa jina-jina, zaure ba kowa.

Idon dama bai ƙara gani ba. Motar Sakkwato ta tafi da wani. Kalilu ya zauna Isa yana wanke gyambo, bai taɓa yi wa Bature bayani ba.

Da damina ta kama, masassara ta sauka Kamarawa. An kai magani wasu garuruwa, nan kuwa, da yake gilasan sun wanku, babu wanda ya san a nan ta fi zafi. Kalilu ya bi jana'izar yara goma sha ɗaya, kuma kowannensu ya taɓa riƙe yatsansa.