Adireshin Kabarin Inna

Da ƙarfe tara na safiyar Juma'a, mutum dubu ɗari shida suka taɓa wayoyinsu a birnin Sabon Garu, Zaure kuma ya kai kowa inda ya nufa kafin ƙiftawar ido. Zaure manhaja ce da ke zaune a ƙofar kowane shafi na birnin. Idan ka ba shi adireshi, sai ya yayyanka shi gaɓa-gaɓa, ya gwada shi da jerin hanyoyin da ya sani, ya buɗe maka wadda ta dace. A shekarar 2094 komai yana da adireshi a Sabon Garu: gadon asibiti, rumfar mai tsire, har kabari.

Injiniya Rumasa'u Nadabo ce ta rubuta shi, da yaren kwamfuta da ake kira Saƙa. Yare ne mai tsantseni kamar tsohon alƙali. Ba ya yarda ka bar wata tambaya ba amsa, don haka dole kowane jerin hanyoyi ya ƙare da layin da zai kama adireshin da ba a gane ba. Tun zamanin kakanni abin da ake sawa a layin nan shi ne “Ba a samu ba.” Rumasa'u ta tsani kalmomin nan, tana ganinsu amsar raggaye. Sai ta cire su, ta koya wa Zaure ya zaɓi adireshi mafi kama da wanda aka nema, ya kai mutum can, sannan ya musanya tsohon da sabon a ma'ajiyar waya da tarihin tafiya, don kada maɓallin komawa baya ya sake jefa mutum cikin kuskure. Aka ba ta lambar yabo, kai ya kumbura, har ta sa aka rubuta a bangon ofis cewa a birnin nan ba a ɓata.

Ranar nan da la'asar mahaifinta, Malam Nadabo, ya dawo daga maƙabarta. Shekara uku ke nan bai fasa ziyarar kabarin matarsa ba duk Juma'a, kuma ya riga ya bar wasiyya a binne shi kusa da ita. Ya zauna a tabarma bai ko cire hula ba.

“Uwata,” ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata, “yau na tarar da wani bawan Allah a kan kabarin Innarki yana kuka. Ya ce na ƙanensa ne. Na nuna masa wayata, ya nuna mini tasa, duk wuri ɗaya suka nuna.”

“Wataƙila wayarsa ce ta lalace, Baba.”

“To, ke kika san kan abin. Duba mana.”

Ta karɓi wayar tana murmushi, amma murmushin bai kai minti ɗaya ba. Adireshin da ke ajiye gaɓa huɗu ne, alhali ta tuna sarai wanda aka ba su ranar jana'iza gaɓa uku ne. Ta kira Sagir, abokin aikinta mai kula da rumbun bayanai. Ya yi bincike ya gaya mata cewa wata bakwai da suka wuce an faɗaɗa maƙabartar, an sake lambobin kaburbura gaba ɗaya. Tsoffin adireshi sun daina aiki tun ranar, amma Zaure bai ce wa kowa uffan ba. Ya kai kowa kabari mafi kama da lambarsa, ya share tsohuwar.

“A dawo da tsohon jadawali mana,” ta ce.

“Ranki ya daɗe, an zubar da shi. Masu kula da maƙabartar sun jira wata uku, rahoton Zaure bai nuna kuskure ko ɗaya ba, sai suka ɗauka komai ya sauya lafiya.”

“Masu haƙa kabari fa? Ai wani zai tuna.”

“Injina ke haƙa yanzu, su ma Zaure suke tambaya.”

Ta gwada Zaure a kasuwa, a asibiti, a tashar jirgin ƙasa, amma maƙabarta ba wurin da mata ke shiga ba ne a garinsu, don haka bai taɓa faɗo mata a rai ba. Kaburburan kuma duk iri ɗaya ne, tudun ƙasa ba suna ba alama. Kunya ta rufe ta, irin wadda take sa mutum ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ta durƙusa a gaban mahaifinta kamar yadda take yi tana yarinya, ta gaya masa komai ba ta rage ba.

Ya daɗe yana jan casbi.

“Addu'a dai ba ta ɓata hanya,” ya ce. “Wanda na yi wa ma yana da bukata. Amma Uwata, da abin naki ya ce mini bai sani ba, ai da na tsaya na tuna da ƙafata. A lokacin ban manta ba.”

Washegari ta mayar da kalmomin “Ba a samu ba” da ta cire, ta rubuta wa hukumar birni takardar amsa laifi da sunanta a ƙasa. Juma'ar da ta biyo, ita ta tuƙa mahaifinta zuwa maƙabartar, ta tsaya a waje cikin mota. Ta ga maza sun cika bakin ƙofa, kowa yana kallon wayarsa yana kallon fili, ba wanda ya san inda zai sa ƙafa. Mutum dubu huɗu da ɗari biyu abin ya shafa, ta san adadin da ka. Mahaifinta bai shiga ba. Ya tsaya a ƙofar ya ɗaga hannu ga maƙabartar duka, daga gabas har yamma.

Da ya dawo mota ya zauna, ya shafa gwiwoyinsa, bai dube ta ba.

“Ba faɗa nake ba, Uwata,” ya ce a hankali. “Tambaya ce kawai. Ranar da tawa ta zo, ina za ki ce musu su sa ni?”

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta zura wa ƙofar maƙabartar ido.