Zabin da Suka Tona Asirin Sa'idu

Ƙarfe tara na safe Malama Khaula ta faɗo ofishin 'yan sanda na Ajingi, takalminta duk laka.

"Sufeto, shekaranjiya an sace min na'ura a gonar gwaji ta Toranke."

Sufeto Abdulmumin ya ajiye kofin shayinsa. Ya saba da satar awaki da babura, amma wannan baƙuwa ce.

"Na'urar me, Malama?"

"Ta auna ƙarfin saran tsuntsu. Ina ɗaure mata zangarniyar gero, duk jan-bakin da ya kai sara sai ta rubuta nauyinsa da lokacinsa. Ina neman irin geron da zai gagari bakinsu. Aikin damina uku yana cikin katin ajiyar bayananta, kuma jibi zan kai shi jami'a."

Muryarta ta karye a kan "damina uku", sai tausayinta ya kama Sufeto. Ya ɗauki hularsa, ya kira kofur ɗinsa, suka shiga mota.

A gonar ya tsuguna ya duba turken da aka ɗaure na'urar a kai. An yanke igiyar da lauje, yanka ɗaya tsaf, ba a taɓa farantin sola mai tsada ba. Ɓarawon kasuwa ba zai bar wannan ba.

Ya kira maƙwabcin gonar, Sa'idu, wani dogon manomi da tsuntsaye suka addabi geronsa.

"Ka ga wani a nan shekaranjiya?"

"Ranka ya daɗe, ina kasuwa tun safe. Ni ko kamannin abin ban sani ba."

Sufeto ya rubuta. Mutumin da gonarsa ke manne da abu wata uku, ya ce bai san kamanninsa ba!

Suna komawa gindin mota Khaula ta buɗe kwamfuta, sai ta zaro ido.

"Sufeto, tana da rai! Akwai layin waya a cikinta, ga sara yana shigowa yanzu haka."

"Daga ina?"

"Ba ta faɗin wuri. Amma wannan ba jan-baki ba ne, ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Sara huɗu a jere, a tsaya, a sake. Na auna irinsa bara. Zabi ne."

Sufeto ya yi murmushi. Ya nemi mai unguwa, ya tambaye shi masu kiwon zabi a wannan ɓangaren. Gida uku ne.

"Malama, ki tsaya a ƙofa da kwamfutarki. In saran ya tsaya, ki ɗaga murya."

A gidan farko ya yi sallama, aka ba shi izini, ya shiga ya tafa hannu. Zabi suka watse da kuka, matan gida na leƙe suna dariyar babban ɗan sanda yana korar tsuntsaye.

"Yana nan yana shigowa!" in ji Khaula daga waje.

Gida na biyu ma haka. Na uku na Sa'idu ne. Sufeto ya zagaya bayan rumbu, ya tarar da zabi sun yi cincirindo, ya tafa sau ɗaya.

"Ya tsaya! Wallahi ya tsaya!"

Ya zura hannu ƙarƙashin rumbun ya jawo na'urar, zangarniyarta saura kaɗan a cinye.

Sa'idu ya zube ƙasa.

"Ni na ɗauka. Tunda aka kafa ta da gero a ka, na ce ita ke kiran jan-baki suna cinye min gona. Ina da iyali, ranka ya daɗe."

"Kwana biyu tana gidanka. Tsuntsayen sun daina zuwa?"

Sa'idu ya sunkuyar da kai. "Jiya ma suka fi yawa."

Kofur ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba zuwa mota.

Khaula ta zare katin, ta sa a kwamfuta. Layuka suka cika allon, damina uku cif, babu wanda ya ɓata. Ta yi kabbara har zabin suka sake tashi, sannan ta bi motar da gudu ta leƙa taga.

"Malam Sa'idu, irin geron da ya gagari jan-baki yana cikin nan. Kai zan fara ba wa baɗi."