Gonar da Ba a Girbinta

Ramlat na zaune a tsakar gida tana yi wa 'yarta Ikram kitso, sai ga mijinta Zakiyyu ya shigo ko sallamar kirki babu. Ya jingine doguwar jakar nan tasa ta sandunan wasan ƙwallon golf a jikin bango, ya samu bakin baranda ya zabga tagumi.

"Abban Ikram, lafiya? Motar ce ta sake lalacewa?"

"Da mota ce ai da sauƙi. Kulob ne suka ƙara kuɗin shekara. Daga dubu ɗari uku sun mayar da shi miliyan guda cif — wai dizal ɗin ban-ruwan ciyawa ya yi tsada. Duk memban da bai biya ba kafin ƙarshen wata, za a karɓe katinsa."

Ramlat ta yi dariya har da tafa hannu. "To ai Allah ne ya yanke maka wahala! Su riƙe katinsu su dafa."

Shi kam bai yi dariya ba, nan take ta gane da gaske yake.

Duk Rano an san auren Zakiyyu da Ramlat na soyayya ne, kuma an san mafarinsa. Shekara biyar da suka wuce, yana ɗan direban akori-kura, motarsa ta kafe a taɓo a bayan garin Fassi ta ƙasar Kibiya. Mahaifin Ramlat, Malam Datti, shi ya kwanto shanun huɗarsa guda biyu suka jawo motar. Ita kuwa ta kawo wa baƙo ruwa, ta ƙare wa wandonsa kallo ta ce, "Ashe mai ƙafa huɗu ya fi mai taya huɗu." Daga ranar Zakiyyu ya riƙa ɓatan hanya yana faɗawa Fassi, har aka ɗaura aure. Da Malam Datti ya rasu, shanun nan suka faɗo a rabon Ramlat. Suna can hannun yayanta, da su ake nome gonar da mahaifiyarta ke ci.

Allah ya buɗa wa Zakiyyu, ya mallaki motoci biyu masu ɗaukar albasa da hatsi zuwa birni. Sai yayansa Maharazu, ɗan kwangila mazaunin Kano, ya ja shi ya shigar da shi kulob ɗin 'yan golf. "A can ake rabon kwangila, ba a ofis ba," in ji shi. Shekara uku ke nan Zakiyyu na biya, ko kwangilar kwasar yashi bai gani ba. Amma duk Asabar sai ya saɓa jaka ya nufi birni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, surukar Ramlat, Hajiya Indo, ta aiko kiranta. Ta tarar da Maharazu ya harɗe a kujera yana ta danne-dannen waya, mijinta na gefe kansa a ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe su.

Hajiya ba ta yi wani kewaye-kewaye ba. "Ramlatu, shanun nan naki na Fassi za a kai kasuwa. Mijinki ya shiga matsi, mace ta gari kuwa a irin wannan rana ake gane ta."

"Hajiya, damina ta kawo kai. In aka sayar da su, da me za a yi wa Innata huɗa?"

"Haba amarya!" Maharazu ya cafe. "Zamanin shanu ai ya wuce. Kwangila ɗaya ta faɗo, tarakta sabuwa dal zai saya muku."

"Yaya Maharazu, in tarakta ta zo sai a sayar da su. Kafin nan ko igiyarsu ba zan bayar ba!"

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ke 'yar nan, ashe haka idonki yake a tsaye? Yaro ya shekara uku yana zuba dukiya a fili a tsakiyar birni, saura ƙiris ya mallaki kasonsa, shi ne za ki zuba ido a ƙwace?"

Ramlat ta ɗago kai da sauri. Sai yanzu ta gane. Hajiya ta tashi ta ga duk wanda ya sa kuɗi a ƙasa, ko saye ne ko jingina, yana da iyakarsa kuma yana cin amfaninta. A tunaninta gona ce ɗanta yake biya da kaɗan-kaɗan! Ramlat ta kalli Maharazu, ya ƙara duƙufa a kan wayarsa. Ta kalli mijinta, ya kasa haɗa ido da ita. Wato sun san abin da tsohuwa ta ɗauka, suka bar ta a kai don ya yi musu daɗi.

Maganar ta zo mata har baki, ta haɗiye. Ba za ta tsinka mijinta a gaban yayansa ba.

"Hajiya, Babana bai taɓa sayen gona bai taka iyakarta ba. A kai ni in ga kason da idona. In na gani, da hannuna zan kwance shanun."

"Ba wurin mata ba ne," in ji Maharazu da sauri.

Hajiya ta nuna ta da carbi. "To ki ji da kyau. Ko shanu su tafi kasuwa, ko ke ki tafi Fassi ki zauna da su. Zaɓi ya rage naki."

Suna komawa gida Zakiyyu ya biyo ta ɗaki. "Ramlat, don Allah ki rufa mini asiri. In aka karɓe katin nan, da wane ido zan kalli mutane? Kowa a tasha ya san ni memba ne."

"Ni da wane ido zan kalli Innata in an yi shuka gonarta na kwance?" Hawayen da ta danne a gaban Hajiya suka ɓalle. "Wallahi ina son ka, Abban Ikram. Lokacin da na so ka taɓo ne har gwiwarka, ba kati a aljihunka. Da ciwo ne ya kama ka, ko mota ta faɗi da kayan mutane, kafin ka buɗe baki na sayar da su har da 'yan kunnena. Amma in raba uwata da abincinta don a shayar da ciyawar da ko akuya ba ta ci? Allah ya kiyaye!"

"Ko da za ki bar gidan?"

"Kai za ka bari in bar shi?"

Ya juya ya fice daga ɗakin. Wannan fitar ta fi maganar Hajiya yi mata ciwo.

Washegari Asabar, Zakiyyu ya saɓa jakarsa ya wuce birni kamar kullum. Ramlat ta haɗa kayanta a akwati, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ja hannun Ikram zuwa gidan Hajiya.

"Hajiya, na zaɓa, zan tafi Fassi. Amma abu ɗaya nake roƙo. Shekara uku ɗanki yana sayen fili, bai taɓa kai ki kin sa masa albarka ba. Ki zo mu je yau. In kin dawo kika ce in tafi, akwatina na ɗaure."

Ta sosa wa tsohuwa inda yake mata ƙaiƙayi. Da ma Hajiya ta gama cika wa ƙawayenta baki da filin ɗanta na birni. Ta yafa babban mayafinta na zuwa biki, suka hau mota.

A bakin ƙofar kulob wani dattijon maigadi ya tare su. Da ya ji mahaifiyar memba ce, ya raka su har inuwar wata bishiya a gefen filin. Hajiya ta saki baki. Gari ya bushe ƙamas ana jiran ruwan fari, amma nan kore shar har iya ganinka, famfuna na ta feshi.

"Tubarkalla! Wannan ƙasa da za a dasa mata albasa! Malam, daga ina zuwa ina ne kason Zakiyyu?"

Maigadi ya dube ta da mamaki. "Kaso kuma? Hajiya, ai nan ba a kaso. Kuɗin izinin shiga ne a buga ƙwallo. Shekara ta ƙare, kuɗi ya ƙare, sai a sake sabo."

"To me ake girba?"

"Ciyawar ma in an aske ta zubarwa ake yi."

Hajiya ta juyo za ta yi wa Ramlat magana, sai Ikram ta yi tsalle. "Ga Abba! Ga Abba can!"

Wasu manyan mutane uku ne ke tahowa cikin fararen huluna, Maharazu na gefensu yana ƙyalƙyala dariya tun kafin a gama ba da labari. A bayansu kuwa Zakiyyu ne, ya jiƙe sharkaf da gumi, jakarsa a kafaɗa ɗaya, jakar wani a ɗayar, ga lema yana riƙe wa mai babban tumbin cikinsu. Mutumin ya miƙa hannu baya ko waiwaye babu.

"Kai direba, miƙo mini sandar can."

Ramlat ta zaci za ta ji daɗin gaskiyarta ta fito. Ina! Tausayinsa ne ya kama ta. Mutumin da direbobi ke tashi su ba shi benci a tashar Rano, shi ne wanda ko sunansa ba a sani ba a nan.

Zakiyyu ya hango su, ya tsaya cak. Ramlat ta taka ciyawar nan mai tsada da silifas ɗinta har gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abban Ikram, na zo ganin kaso, na gani. Ka zo mu tafi gida."

Maharazu ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Kai, kar ka kunyata ni! Darakta ne fa — saura ƙiris maganarka ta faɗa!"

Zakiyyu ya kalli mahaifiyarsa da ke share ido da bakin mayafi, ya kalli matarsa. A hankali ya sauke jakar daraktan ya ajiye a ƙasa, ya ɗora lemar a kai.

"Yaya, shekara uku ke nan ana ce mini saura ƙiris. A tasha in mutum ya yi dako shi ake biya. Nan ni nake biya don in yi dako." Ya zaro katin ya danƙa masa. "A ba mai miliyan."

Ya saɓa 'yarsa a kafaɗar da ya sauke jakar, suka nufi ƙofa.

Suka kama hanyar gida a motar Zakiyyu, har suka wuce Bunkure. Can Hajiya ta kamo hannun Ramlat. "Ramlatu, ki yafe mini. Da kin bi maganata, da na ci haƙƙin marainiya da gwauruwa a kan ciyawa. In mun isa ki kwance akwatin nan."

"Ba komai, Hajiya. Ke ma ba a faɗa miki gaskiya ba ne."

Zakiyyu ya ji wannan, ya ƙara riƙe sitiyari, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Haka rayuwa take. Biyayya ga miji da danginsa abu ne mai kyau, amma ba ita ce miƙa haƙƙinka a kan ƙarya ba. Wanda ya yi haƙuri ya tsaya a kan gaskiya ba tare da ya ci mutuncin kowa ba, Allah ba ya kunyata shi. Kuma duk girman da sai ka biya kuɗi kowace shekara kafin a ba ka, ba naka ba ne, haya ce.

Bayan kwana tara ruwan fari ya sauka. Sandunan golf kuwa Hajiya ta karɓi ɗaya tana korar awaki daga shanya, ta ce karon farko ke nan da suka yi amfani. Zakiyyu ya ajiye motocinsa kwana biyu ya tafi Fassi, ya naɗe wando ya kama garma da kansa a gonar surukarsa. Kunyar farko ta fita a karkace, yayan Ramlat na ta yi masa tsiya.

Da rana ta take Ramlat ta kawo masa fura a ƙwarya. Ta ƙare wa wandonsa kallo, taɓo har gwiwa kamar ranar farko.

"Yi mini dariyar, na cancanta," in ji shi.

Ta shafa wuyan sa ɗaya daga cikin shanun, ta miƙa masa ludayi.

"Ni ba dariya zan yi ba. Ka dai gode musu, Abban Ikram — sau biyu ke nan suna fid da kai daga taɓo."