Ƙwaya Mai Ƙafa Uku

A ranin 1984 aka tsinci gawar Almu bakin rijiyar wani ƙauye na ƙasar Ibohamane, da sara a wuya. Shi ke kula da rediyon kiran jandarma, wanda aka kafa don manoma da makiyaya su daina zubar da jini kan ruwa. Shekara uku tsoron eriyar rediyon nan kaɗai ya hana a zare takobi.

Insifekta Maiguwa ya iso daga Keita, ya tarar ɓangarorin biyu sun ja daga. Ya kunna rediyon, ko tari bai yi ba. Da ya kwance bayansa sai ya ga gurbin taransisto, wata 'yar ƙwaya mai ƙafa uku, an cire ta da gwaninta.

Dela, matar mamacin, ta ce kwana goma sha biyu ke nan rediyon a mace. Almu ya kai kuka birnin Tawa, aka ce masa ya jira: masu ƙera irin ƙwayar suna ƙetaren teku, kuma ba kowa suke sayar wa ba, don da ita ake sarrafa makamai. Shi ya sa kullum da hantsi yake ɗaukar makirfo yana magana da ƙarfi, don mutane su ji, su zaci rediyon yana aiki. Abin ya sosa ran Maiguwa.

Ban da Almu, mutum guda ya taɓa buɗe na'urar: Isaka mai gyaran rediyo, wanda garkar albasarsa ke jikin rijiyar. Ya rantse lafiya lau ya bar ta.

"To, gyara min ita yanzu," in ji Maiguwa.

"Ranka shi daɗe, wagga ƙwaya ko Yamai babu ta."

"Wa ya ce maka ƙwaya ce ta ɓata? Ban buɗe maka ba."

A gwangwanin tabarsa aka same ta. Isaka ya zube ƙasa. Ya ce so ya yi rediyon ya mutu a kori makiyaya, amma Almu ya ƙi barin sa ya mutu, ƙarshe ma ya gane ɓarawon, shi ya sa ya sare shi.

Ƙafar ƙwayar ɗaya ta karye, ba ta gyaruwa. Ana tura Isaka cikin mota da ankwa, mutanen ba su watse ba, eriyar suke kallo.

Maiguwa ya ɗauki makirfon Almu, ya gyara murya. "Alo, Keita, kuna ji na?"